Ƙofar da Yaya Ya Tsare a Jidda

Na Allah muke, wurinSa za mu koma, kuma Yaya ya riga mu tafiya. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa, maza suka dawo da ƙura a ƙafa. Kafin magariba samari sun ja wayar fitilu a lungunmu na Utaibiyya a nan Makka, sun jera kujeru, gahawa ta fara zagayawa. Mu mata muna sama, ni kuwa na kasa zama, ina ta leƙen ƙasa ta tagar katako.

Kowa da irin kukansa. Matar Yaya ba ta yi kururuwa ba, abin da take ta maimaitawa kawai shi ne, "Yanzu wa zai duba sakata?" Maƙwabciyarmu 'yar asalin tsibirin Jawa, wadda muka tsufa tare a lungun nan, ta rungume ni tana cewa 'ya'yanta ba su san tsoro ba muddin yana tsaye a bakin hanya. Wani tsohon Balarabe ya zo daga Ɗa'ifa yana dogara sanda, abokin aikinsa ne na da. Bai fara da gaisa da mutane ba. Ya tsaya a gaban ƙofar gidanmu, ya miƙe iya yadda bayansa ya yarda, ya sara mata, sannan ya juyo yana hawaye. Jikokin Yaya da Hausa ta gudu daga bakinsu suka zo suna tambayata da Larabci wai ashe kakansu soja ne. Wannan ta yi mini zafi, ita ce ma ta sa na ce sai na rubuta.

Sai ga 'yar Gwaggonmu daga unguwar Shisha, wadda ba ta iya riƙe magana ko a gidan mutuwa. Ta matso har numfashinta yana taɓa kunnena, ta ce, "Ke, shi da Auta sun shirya kuwa, ko haka ya tafi?"

Na ce ta sha gahawarta. Amma tambayar tana kan hanya, domin duk dangi sun san zancen. Auta ƙanenmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba gaba suka yi da Yaya ba, Auta ya fi ƙarfin ya yarda a ce ya ƙaurace wa ɗan'uwansa a garin Makka. Yana gaishe shi, yana zuwa sunan 'ya'yansa, yana duba shi in ba shi da lafiya. Abu ɗaya ne: tun yana saurayi har ya yi furfura, bai ƙara yi wa Yaya magana da Hausa ba, sai da Larabci. Wanda ba ɗan gida ba zai ce wannan ai ba komai ba ne. Ni da na san gidanmu, shi ne ya hana ni barci rabin rayuwata, ina tsoron ɗayansu ya mutu a haka.

Mu uku ne muka rayu a wurin Inna: Yaya, ni, sai Auta. Baba da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi noman auduga a Sudan shekara da shekaru kafin ya samu tsallake teku, a can aka haifi Yaya. Mu biyu a nan aka yanke mana cibi. Baba bai daɗe ba bayan an yaye Auta, saboda haka Yaya ne uban da yaron ya sani. A wuyansa Auta ya fara ganin Arfa. Inna kuma tana da doka guda wadda ko liman bai isa ya ɗaga ba: Larabci na kasuwa ne da makaranta, ana cire shi a bakin ƙofa tare da takalmi. In ka shigo kana "ya ummi", sai ta dube ka ta ce, "Ba a nan take ba, gwada gidan gaba." Hausa a wurinmu ita ce gida. Wanda ka yi wa Hausa, ka ce masa shi naka ne.

Kai, Makkar lokacin! Mai ruwa yana hawo mana da garwa biyu a kafaɗa, Inna tana tuyar ƙosai tun asuba don alhazai, da rani duk lungu a saman soro ake kwana ana jiyo hirar juna. Rediyo guda ce a layinmu, a shagon mai shayi. A cikin shekarun sittin ɗin nan Yaya ya shiga soja, aka tura shi Jidda gadin ofishin jakadancin wata ƙasa, wanda mu nan muke ce wa safara. Ba a ajiye jakada a Makka, duk suna can bakin teku. Ran Alhamis da yamma yake dawowa a motar haya, da soyayyen kifi a ƙunshe, dogo, baƙi, fuskar nan kamar an hana shi dariya. Auta ne mai tarbarsa. Shi ke goge masa takalmi, shi ke ɗinke masa kaki, domin a lokacin ya zama tela, kuma hannunsa na da kyau, har daga unguwar Misfala ake kawo masa aiki.

A saman soro muke tsokanarsa. Na ce, "Yaya, wai me kake yi ne a can ban da tsayuwa? Ai ko turmi ya iya wannan." Ba ya fushi, sai ya gyara zama ya karanto mana dokokinsa kamar mai bitar allo. Bayanka ga ƙofa, fuskarka ga titi. Cikin gidan ba ƙasarmu ba ce, ko hayaƙi ka gani ba ka shiga sai jakada ya ce shigo. Ba ka harbi sai an ce harba. Ba ka karɓar ko ruwa daga hannun mai wucewa. Ba ka barin wurin, ko me ya faru, sai wani ya zo ya tsaya inda kake ya ce ya karɓe ka. Ya kuma gaya mana akwai farin layi da aka ja a ƙasa gaban ƙofar. Daga titi zuwa layin nan aikinsu ne. In kuwa rikici ya tashi mutum ya ƙetare shi, ya zama na sojojin waccan ƙasar da ke saman ginin, su kuma dokarsu daban, bindigarsu daban, ba su san ɗan kowa ba.

Na ce, "Yo mutanen nan ko alƙibla ba su sani ba, kai kake shan rana dominsu?" Ya ce, "Baƙi ne. Ƙasa ce ta ce su zo, ta ɗauki amanarsu. Mu ma akwai namu a garinsu, wani ɗan mutane yana can tsaye masa a cikin sanyi."

Aikin nan ya bi shi har gida, ya zama hali. Ko biki ake ko suna, ba za ka ga Yaya a kan tabarma ba, yana bakin ƙofa hannu a baya. Tuwo ya huce, a aika yaro, ya ce, "Ba a karɓe ni ba." Da farko mun ɗauka wasa ne. Inna ce ta gano maganinsa. Sai ta ɗaura mayafi ta sauko, ta tsaya kusa da shi, ta ce, "Na karɓe ka, soja, shiga ka ci abinci." Wallahi sai ya juya ya shige kamar ɗan yaye. Bayan Inna, aikin ya dawo kaina, kuma na yi shi har ƙafata ta fara gardama da matakala.

Akwai wata tsohuwa da ya kawo mana wata shekara gab da aikin hajji. 'Yar ƙasar Sakkwato ce, ta ɓace wa ayarinsu a Jidda, ta ga tuta ta ɗauka nan ne ofishin ƙasarsu. Ta zo ƙofarsa da tsakar rana tana kuka, ba wanda ke jin abin da take faɗi. Shi ba zai shigar da ita ba, ba zai bar wurin ba, hira ma an hana shi. Sai ya yi magana ta gefen baki, idonsa na kan titi: "Iya, zauna nan gabana, kada ki taɓa farin layin nan. In an karɓe ni zan kai ki." Babu bishiya a wurin. A inuwarsa ta zauna, inuwar ta matsa ita ma ta matsa, har la'asar. Da aka karɓe shi ya yi ta yawo da ita bai samu mutanenta ba, ya kawo ta wurin Inna. Da mu ta yi hajji, a Mina ta haɗu da 'yan garinsu. Har ta tafi "ɗana mai inuwa" take ce masa.

Sai shekarar da yaƙi ya ɓarke a can ƙasashen Larabawa da ke arewa da mu, shagon mai shayi ya cika maƙil, kowa kunnensa a rediyo, zukata sun yi zafi. Ran nan Auta ya sauka Jidda sayen yadi. Yana kasuwa ya ji mutane sun taso suna kabbara, wai za su safarar da ake zargin ƙasarta da hannu a abin. Ya san ƙofar wa ce. Ya bi su, ba don jifa ba, ya rantse mini kuma na yarda. Yana isa ya tarar da taro ya cika titi, duwatsu suna tashi, sojojinmu sun jeru a gaban ƙofa bindiga a ƙirji, babu wanda ya harba. Ya hango Yaya a tsakiya. A kan idonsa dutse ya sami Yaya a goshi, jini ya rufe masa rabin fuska, bai ko ɗaga hannu ya share ba.

Auta ya manta da komai. Ya kutsa ta cikin mutane da gudu yana kiran "Yaya! Yaya!", ya cire ƙyallen kansa zai ɗaure masa, ƙafarsa ta ƙetare farin layi. Yaya ya tare shi da gindin bindiga, ya maka masa iya ƙarfinsa, ya daka masa tsawa da Larabci, "Irja wara!", wato koma baya, da muryar da ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba. Auta ya kare da hannun dama, ya faɗi can bayan layi. Yaya bai sunkuya ba, bai dube shi ba, ya mayar da ido titi. Wasu ne suka ja yaron gefe. Ƙofa ba ta buɗu ba, ba a harbi kowa ba, kafin magariba an tarwatsa taron.

Wuyan hannun ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, amma ya warke a sandare, yatsu biyu suka daina lanƙwasuwa. Almakashi ya gagare shi. Aka rufe keken ɗinkin da zane, daga baya Auta ya koma sayar da carbi da turare a hanyar Harami.

Ran Alhamis Yaya ya dawo da ɗinki a goshi. Inna ta tara mu. Ta ce, "Ba wa ƙanenka haƙuri." Ya ce, "Inna, in gobe ya sake ƙetarewa zan sake. Ba zan ba da haƙuri a kan abin da zan maimaita ba." Auta yana kwance da hannu a karare, ya ce, "Ba hannun ne ya dame ni ba. Tsohuwar da ba ka sani ba ka yi mata Hausa a ƙofar nan. Ni na kira ka Yaya, ka amsa mini da Larabci a gaban duniya." Yaya ya ce, "Ita ba ta ƙetare layi ba." Sai Auta ya juya fuska bango, ya ce da Larabci tsantsa, a cikin ɗakin Inna, "To shi ke nan, ya askari," wato ya soja. Inna ta ɗora hannu a ka. Daga ranar bai sake ba.

Ni ce na zama 'yar aike tsakanin duwatsu biyu. Na tsare Yaya na ce, "Haba, kalma ɗaya ce, sannu, za ta cire maka haƙori ne?" Ran nan ne kaɗai ya buɗe mini cikinsa. Ya ce lokacin da Auta ya ƙetare, ya ji ƙarar ɗana bindiga a saman kansa. Ya ce da ya yi magana da yaren da hafsansu bai sani ba, da waɗanda ke sama sun ɗauka baki ɗaya suke, su haɗa su biyun su harbe. Dole kowa ya ji abin da ya faɗa, dole kowa ya ga bai san shi ba. Na ɗauki maganar da zafinta na kai wa Auta. Ya ce, "Bakinsa ciwo yake? Ya zo ya faɗa mini da kansa." Na koma, Yaya ya ce, "Ya sani ai." Tabɗi! Na zage su, na yi kuka, na yi yaji daga gidajensu duka biyu, ba abin da ya motsa. Inna ta rasu tana roƙonsu. A kan gawarta Auta ya rungume Yaya suna kuka, ya buɗe baki, ta'aziyyar Larabawa ta fito.

Kada wani ya ɗauka ba sa son juna. Da Yaya ya ajiye aiki, kullum da safe sai ya je gidan Auta ya ɗauki akwatin kayansa a kafaɗa, domin hannun ba ya ɗaukar nauyi, ya kai masa har inda yake kasawa. Suna tafe ba mai cewa uffan. In sun isa Auta ya ce, "Shukran." Yaya ya gyaɗa kai ya juyo. Haka suka yi ta yi har gemunsu ya yi fari, mutanen kasuwa suna cewa ba su taɓa ganin 'yan'uwa masu zumunci irinsu ba. Ni kuwa in na ji sai in ji kamar in yi ihu.

A shekarun ƙarshe tsufa ya fara kwashe wa Yaya kaya ɗaya bayan ɗaya. Sunayen jikoki suka tafi, hanyar masallaci ta tafi. Sai Larabcin ya bi su. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karɓar umarni da shi, ya wayi gari in an yi masa sai ya zuba ido kawai. Fatiha da salla ne suka rage, sai Hausar Inna, irin ta da, wadda ni ma na manta wasu kalmominta. 'Ya'yansa suka koma kame-kame, ni ce tafinta. Auta yana zuwa kullum, ya zauna a gefen gado ya gaishe shi, "Kef halak?" Yaya ya dube shi kamar baƙo. Na ja Auta waje na ce, "Kai, ba ya jin ka. Wallahi in ya tafi a haka, kai za ka ɗauki kayan nan kai kaɗai, kuma ba mai kai maka shi kasuwa." Na ga ya yi ƙoƙari, amma abin ya daɗe da yawa, ya kasa.

Ranar da zai cika, da hantsi ne, sai ya ƙi kwanciya. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofi ya dafa bango ya miƙe, ya ja ƙafa har bakin ƙofar ɗaki, ya juya mata baya, ya mayar da hannu baya. Matarsa ta roƙe shi, ya ce, "Ba a karɓe ni ba." Na matso yadda na saba, na ce, "Na karɓe ka, soja." Karon farko a rayuwarmu bai yi aiki ba. Ya ce, "Ke koma ciki, jifa ake."

Ana haka Auta ya hawo. Ya gan shi a tsaye, ya ce masa da Larabci ya zauna don Allah. Yaya ya dube shi, bai gane shi ba, ya ɗauka wani ne daga cikin taro. Ya sassauta murya, ya yi magana ta gefen baki, idonsa na kan matakala: "Bawan Allah, in kana jin Hausa ka taimake ni. Akwai wani yaro can a ƙasa, na karya masa hannu. Ƙanena ne. Ba ni da ikon barin nan. Je ka duba mini shi, ka ce masa sannu, ka ce in an karɓe ni ina zuwa."

Auta ya tsaya, tsoho da shi, hawaye yana bin gemunsa. Sai ya taka ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Yaya, ya juya wa ƙofa baya shi ma, ya ce, "Yaya, ni ne. Hannun ya warke tuntuni. Na karɓe ka, je ka huta."

Hausar ta yi tsatsa, amma ta Inna ce. Yaya ya juyo a hankali ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ya kamo sandararren hannun nan ya riƙe da nasa biyu, ya ce, "Auta? Me ya kawo ka Jidda?" Sannan gwiwoyinsa suka saki. Auta ne ya tare shi ya kai shi gado. Bai kai azahar ba, kuma da kalmar shahada ya cika.

Allah Ya jiƙan Yaya. Ya tsare ƙofar baƙi da amana, ya tsare tamu, Allah Ya buɗe masa wadda ta fi su, Ya haɗa shi da Inna da Baba. Waɗanda ya ɓata wa da taurin kansa, ni ce ta farko, na yafe.

'Yar Gwaggo ta sake matsowa a rana ta uku, wai har yanzu ban ba ta amsa ba. Na kama hannunta na kai ta taga, na ce ta leƙa. Kujeru cike da maza, an ajiye wa Auta tasa a sahun gaba, babu kowa a kanta. Yana bakin ƙofa tun ranar farko, bayansa gare ta, hannun nan a baya. Na sauka da kaina, matakala tana cin gwiwata, na ce ya shigo ya sa wani abu a cikinsa. Ya ce, "Bari tukuna, Yaya ƙarama. Na ce masa na karɓa."